Gwajin da Mas'ud Bai Yi Ba

A Gummi, in ka ce kana neman Mas'ud Namadi, sai an tambaye ka wane Mas'ud. Amma in ka ce Zare-Wuta kake nema, ko ɗan kabu-kabun da ya sauke ka zai nuna maka shagon, can bayan tasha, tsakanin mai walda da wata mai fura. Shago ne ɗan ƙarami mai shuɗiyar ƙofa, da faifan sola biyu a kan rufi. A ciki za ka tarar da wani siririn mutum mai ɗan saje, shekarunsa ba su kai arba'in ba, amma furfura ta riga ta sauka a gefen kunnuwansa. Ba shi da yawan magana. Waɗanda suka san shi da can sun ce ba haka yake ba.

Mahaifinsa, Malam Namadi, gyaran rediyo ya yi har ganinsa ya raunana. A gabansa Mas'ud ya koyi narka dalma da bin waya har inda ta tsinke. Da ya gama sakandare ya tafi Talatar Mafara ya yi difloma a kan kwamfuta, ya dawo gida ya buɗe shago. Aikin dai shi ne wanda kowa ya sani: buga takardu, hoton fasfo, cike fom, da tura wa'azi ko waƙa a memorin waya. Ya yi aure, matarsa Nusaiba tana koyarwa a wata Islamiyya, rayuwa tana tafiya daidai gwargwado.

A shekarar dubu biyu da sha takwas wani baƙo ya shigo shagon neman cazar kwamfutarsa da ta ƙone. Sunansa Anwar, injiniya ne, ɗan Gusau mazaunin Kaduna. Shi da abokansa uku sun haɗa wani ɗan akwati da bai fi ƙwaryar sha girma ba. Kwamfuta ce ƙarama da ake ajiyewa a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, tana adana bayanan masu ciki, da haihuwa, da rigakafi, ba ta bukatar layin sadarwa. Yayin da Mas'ud ke gyara cazar, Anwar ya ga kwalba cike da matattun memori a kan tebur, ya tambaye shi na mene ne.

Mas'ud ya ce, "Na mutane ne. Ana cikin tura masu abu su fizge. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Ina tara su ne ina dubawa, in ga ta inda kowane ya mutu."

Anwar ya ajiye wayarsa ya dube shi da kyau. Abin da ke hana shi barci ke nan game da akwatinsa. Ba su rabu ba ranar sai da aka kira magariba.

Ga yadda Anwar ya bayyana masa matsalar. Na'ura in za ta ajiye bayani guda, wurare da yawa take taɓawa: inda bayanin zai zauna, da inda aka rubuta sunansa, da inda aka nuna cewa wurin ya sami mai shi. In wuta ta ɗauke bayan ta taɓa biyu ba ta taɓa na uku ba, ajiya ta rikice. Maganin da aka yi wa wannan shi ne, kafin ta taɓa ko'ina, sai ta fara rubutawa a wani keɓaɓɓen gefe cewa ga abin da za ta yi. Injiniyoyi na ce masa jonal. Mas'ud ya ce shi dai takardar niyya zai riƙa kiransa. In wuta ta dawo, na'urar takan fara duba takardar nan. Niyyar da aka rubuta cikakkiya sai ta ƙarasa ta, wadda ba ta cika ba sai ta watsar, don kada a bar komai rabi da rabi.

"To mene ne nawa a ciki?" in ji Mas'ud.

"Naka shi ne ka hana mu yaudarar kanmu. Duk lokacin da muka gyara wani abu a manhajar, muna iya farkar da wata tsohuwar matsala da muka riga muka kashe, ba mu sani ba. Ina son mutum a nan, inda wutar ke wulaƙanci da gaske, wanda duk sabon zubin manhajar da muka aiko zai bi tsofaffin matsalolin ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar babu wadda ta dawo."

Aka bar masa akwati guda na gwaji, da jerin matsaloli goma sha ɗaya, kowace da lambarta da yadda ake gwada ta. Mafi yawan gwajin iri ɗaya ne. Ya sa akwatin ya fara rubutu, ya bari ya yi nisa, sai ya fizge fulogi. Ya mayar, ya jira ya farfaɗo, ya gwada abin da ke ciki da abin da ya kamata ya kasance. Mai waldan da ke kusa da shi ya daɗe yana kallon mutum yana cire wuta yana mayarwa tun safe har yamma, ya kasa haƙuri, ya leƙo ya ce, "Kai Mas'udu, mutane na neman wuta, kai kana zare ta?" Daga nan sunan ya bi shi.

Ya so aikin nan fiye da yadda ya taɓa son wani aiki. Cikin shekara uku jerin ya tashi daga goma sha ɗaya ya kai talatin da huɗu, kuma bakwai daga ciki shi ya gano su. Wadda ya fi alfahari da ita ita ce ta sha tara. Wata rana da damina batirin solarsa ya yi rauni, wuta ta ɗauke, ta dawo, kafin akwatin ya gama karanta takardar niyyarsa ta sake ɗaukewa. Da ya farfaɗo bai nuna alamar komai ba. Sunayen fayiloli suna nan, girmansu daidai. Sai da Mas'ud ya buɗe su ɗaya ɗaya ya ga cikin wasu ya koma shara. Na'urar ta ɗauka wurarensu babu kowa, tana ta rubuta sabon abu a kansu. Anwar da abokansa sun yi mako biyu kafin su toshe ta. Gwajinta kuwa shi ne mafi tsawo a jerin: sai an cika akwatin ya kusa batsewa, sannan a zare wuta sau biyu a jere, a maimaita har sau arba'in, kowane karo a wani lokaci dabam. Awa bakwai yake ci in komai ya tafi daidai.

Akwatunan sun kai goma sha biyu a ƙauyukan Gummi, Bukkuyum da Anka. Ɗaya yana Tungar Manu, wani ƙauye da ke bayan Nasarawa Burkullu, inda mota ba ta shiga da damina. Mai kula da ɗakin shan maganin, Malama Jannatu, mace ce mai kaifin kai da saurin hannu. Ita ta fara wani aiki da babu wanda ya sa ta.

A ƙauyen akwai wata tsohuwar ungozoma, Inna Turai, wadda ta fi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a tungar da rugagen da ke kewaye. Ba ta yi karatun boko ba, amma babu jaririn da ta yanke wa cibiya da ta manta. Mutanen yankin yawanci ba su da takardar haihuwa. In yaro ya isa jarrabawa ko za a yi masa katin ɗan ƙasa, sai a ƙiyasta masa shekaru a rubuta masa ɗaya ga Janairu. Jannatu ta ga cewa abin da ake nema yana nan a cikin kan tsohuwar. Sai ta riƙa gayyato ta kowace Litinin da Alhamis bayan an sallami marasa lafiya, ta kunna abin ɗaukar murya, tsohuwa na faɗa, ita tana bin tsofaffin kalandu tana fitar da kwanan wata tana shigarwa.

Mas'ud ya taɓa zama a wurin sau ɗaya, ranar da ya je canza masu batir. Inna Turai na zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana ɓare gyaɗa.

"Wanga yaron Audu mai jakkai," take cewa, "shekarar da rana ta ɓace da hantsi anka haihe shi, kwana tara bayan nan. Juma'a ce. Uwar tana ta kiran sunan innarta, ni ko ina ce mata innarki tana can garin Adabka, ni ce nan."

Ta juyo ta dubi Mas'ud. "Kai ne mai akwatin?"

"Ni ke duba shi, Inna."

"To ka riƙe shi da kyau. Ni kaina ya fara yoyo."

Suka yi dariya su uku. Kafin damina ta dubu biyu da ashirin da ɗaya, Jannatu ta shigar da haihuwa ɗari shida da goma sha biyu, da muryar tsohuwar ta sama da awa sittin. Da yake aikin ba ya cikin abin da aka tsara, ba ya cikin bayanan da ake tura wa Kaduna duk wata. Yana cikin akwatin, da kuma filashi guda da Jannatu ke kwafe komai a kai kowace Alhamis, sabon kwafi ya hau kan tsoho.

A ƙarshen Agusta na shekarar, Anwar ya aiko da sabon zubi, ya ce a yi ƙoƙari a sa wa kowane akwati kafin hanyoyi su ƙara lalacewa. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa yankin, kowa na lissafin fitarsa. An yi da Jannatu za ta kawo nata akwatin ranar Laraba. Sabis ya yi ta wahalar da Mas'ud, zubin bai gama sauka ba sai safiyar Larabar. Ya fara gwaji nan take. Da hantsi Jannatu ta iso a bayan babur ɗin ƙanenta, laka har gwiwa, akwatin a naɗe cikin zane da leda. Ta bar jaririyarta mai wata biyar a gida.

Kafin azahar ya gama talatin da uku, duk sun wuce lafiya. Saura na sha tara.

"Malam Mas'ud, da saura?" ta tambaya. "Ka san hanyarmu, in la'asar ta yi ba mai bin ta."

Ya dubi agogo. Awa bakwai. Ya san abin da ya kamata ya faɗa: ko ta kwana, ko ta koma da akwatin yadda ta kawo shi, da tsohuwar manhajarsa wadda ba ta da laifin komai. Maganar ta zo masa har baki. Amma ya dubi lakar da ke ƙafarta, ya tuna irin dajin da ta ratso, ya ji nauyin ya ce mata ta yi tafiyar banza. Kuma gwajin nan ya yi shi sau ashirin da shida tun da aka toshe matsalar, bai taɓa faɗuwa ba. Canjin da aka yi a wannan zubin ma, a ganinsa, bai shafi wajen ba.

Ya ce, "An gama, Malama. Ba ni minti ashirin."

Ya sa mata sabon zubin, ta naɗe akwatin ta tafi. Sai ya buɗe fom ɗin da yake aika wa Anwar. Layi talatin da huɗu, kowane da gurbin da ake rubuta sakamako. Da ya zo na sha tara ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta "ya wuce", ya aika. Ya gaya wa kansa gobe da sassafe zai yi shi, in ya so rubutun ya zama gaskiya.

Washegari aka tashi da ruwa, sola ba ta kawo komai ba. Rana ta uku aka cika shagon da masu cike fom ɗin makaranta. Daga nan sai rashin lafiyar mahaifinsa ta taso, suka yi kwana huɗu a asibiti. Bai yanke shawarar barin gwajin ba ko sau ɗaya. Kullum dai akwai abin da ya fi shi gaggawa, har ya daina tunawa. A farkon Satumba aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Babu sabon zubi, babu kira daga Kaduna, akwatin gwajin ya zauna a kan kanta ƙura na hawansa.

A Tungar Manu kuwa damina ta yi nauyi, batirin solarsu ya tsufa. Wuta na ɗaukewa ta dawo ta sake ɗaukewa sau da yawa a yini. Akwatin bai taɓa yin ƙorafi ba. Jannatu na shigar da rigakafi da awon ciki, kowace Alhamis ta kwafe a filashi kamar yadda aka koya mata. A watan Nuwamba Inna Turai ta kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Sai a Janairu aka gane. Wani mutum ya zo neman ranar haihuwar 'yarsa da za ta shiga makarantar kwana. Jannatu ta buɗe jerin, ta ga sunaye ɗari da wani abu na farko, daga nan sai alamomi marasa ma'ana har ƙasa. Ta buɗe murya, sai ƙara kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta sa filashin, abu ɗaya. Ta hau babur washegari.

Mas'ud na ganin allon ya gane. Bai bukaci kowa ya gaya masa ba, domin shi ya fara ganin irin wannan sharar a duniya. Ya ce mata ta bar akwatin zai duba. Tana fita ya rufe ƙofa, ya sauko da akwatin gwaji, ya kakkaɓe shi, ya fara na sha tara. Bai kai awa uku ba ya faɗi. Da ya yi shi a makon nan na Agusta, da cikin awa uku ya sani, kuma da akwai sauran kwanaki da zai iya kiran Jannatu a waya ya ce ta kashe akwatin.

Lokacin an riga an buɗe layukan waya, sai ya kira Anwar ya gaya masa matsalar sha tara ta dawo. Anwar ya ce, "Amma ta wuce gwaji a Agusta. Ga fom ɗin a gabana."

"E," in ji Mas'ud.

"To ke nan gwajin ne bai isa ba. Akwai wata hanyar da take bi da ba mu gani ba. Laifina ne, ni na taɓa wajen nan ban faɗa ba."

Mas'ud ya bar shi a haka. Aka aika wa sauran ƙauyuka su kashe akwatunansu. Biyu sun ɗan taɓu, aka gyara daga kwafin Kaduna da katunan da iyaye mata ke riƙe da su. Na Tungar Manu ma bayanan asibitin an maido da mafi yawansu. Aikin Inna Turai ne ba shi da wani kwafi a ko'ina.

Kwana goma sha ɗaya Anwar da abokansa suna neman hanyar da babu ita, suna sake rubuta gwajin da ba shi da aibu. Kullum sai ya kira Mas'ud ya tambaye shi yadda ya yi a Agusta, daƙiƙa nawa ya bari tsakanin zarewa da zarewa, Mas'ud na ba shi amsa daga yadda ya saba yi. Abinci ya daina shiga masa. Nusaiba ta zuba masa ido kwana biyu, ran na uku da ya dawo cin abincin rana ta zauna gabansa.

"Malam, ba ɓacewar bayanan nan kaɗai ke cin ka ba. Mi ka yi?"

Ya gaya mata duka. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma lallashe shi ba. Ta ce, "Na Agusta ya wuce, ba ka iya komo da shi. Amma wanga da kake yi ma bawan Allah nan yanzu, kullum sabo ne."

Ya wanke hannu ya fita tsakar gida ya kira Anwar. Ya ce, "Injiniya, ku daina nema. Ban yi gwajin ba. Na rubuta ya wuce, ban yi shi ba."

Anwar ya ce, "Da ka bar gurbin babu komai, Mas'ud, da na tsayar da zubin. Abin da ya sa na ɗauke ka ke nan." Ya kashe wayar.

Bai kore shi ba. Bayan mako guda ya kira ya ce aikin na nan in yana so, amma daga yanzu akwatin gwajin ne da kansa zai riƙa aika sakamako, babu sauran fom da mutum zai cike da hannu. Ya ƙara da cewa shi ma da nasa: bai kamata ya bar filashi guda ana rubuta sabo kan tsoho ba. Suna aiki tare har yau, suna mutunta juna. Amma doguwar hirar da suke yi da can bayan an gama maganar aiki, ba ta dawo ba.

Zuwa Tungar Manu ya fi masa wuya. Ya yi mako uku yana tsintar abin da zai tsinta daga akwatin, ya sami sunaye ɗari da arba'in da ɗaya lafiyayyu, da guntayen murya da in an haɗa su ba su kai minti huɗu ba. Ya ɗauka ya kai da kansa. A barandar ɗakin shan maganin ya gaya wa Jannatu yadda aka yi ranar Larabar.

"Da ka ce min in kwana, da na kwana," ta ce. "Ina da gwaggo a Gummi. Ba ka tambaye ni ba."



Suna nan sai ga wata mata ta shigo, mai kimanin shekara hamsin, da lulluɓi baƙi. Jannatu ta ce Dija ce, 'yar Inna Turai ta fari. Ta ji an ce mai akwatin ya zo. Ita ba ruwanta da jeri ko kwanan wata. An gaya mata muryar innarta na ciki, ta jira a gama zaman makoki, ta jira hanya ta yi sauƙi, yau ta zo ta ji.

Mas'ud ya kunna mata mafi tsawon guntun da ya samu. Ƙara ta fara fitowa, sannan muryar tsohuwar, tsaf kamar tana zaune a wurin: "…Laraba ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce ma mijin tashi ka ba mu wuri, ya tsaya yana…" Sai ƙarar ta dawo. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

"Sake," in ji Dija.

Ya sake. Sau biyar tana cewa ya sake. Sannan ta goge fuska da bakin mayafi ta tambaye shi, "Sauran fa, ɗana?"

"Sun lalace, Inna. A hannuna sunka lalace. Akwai abin da ya kamata in duba, ban duba ba."

Ta dube shi, ba da fushi ba, kamar dai tana auna shi. Ta ce, "Allah ya sa iyakar abin ke nan." Ta roƙi a sa mata guntun a wayarta, ya sa mata duka minti huɗun, ta yi godiya ta tafi. Daga baya yakan ce godiyar nan ta fi masa zagi ciwo.

Tun daga ranin nan ya ɗauki wani aiki da shi ma babu wanda ya sa shi. Jannatu ta zauna ta rubuto duk gidan da ta tuna tsohuwar ta ambata. Duk sati biyu, in hanya ta yi kyau, yakan rufe shago ya hau babur ya tafi. Su bi gida gida, su tara tsofaffin mata, a yi ta gardama: wane ya riga wane, da rani ne ko da kaka, kafin Sallar layya ko bayanta. Dija ta shigo cikin aikin daga baya, kuma ta fi kowa amfani, domin ta yi shekaru tana riƙe wa innarta fitila. Inda mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba suka yarda a kan rana, sai ya rubuta ta. Inda wata kawai aka iya tunawa, ya rubuta watan ya bar gurbin ranar babu komai, ko da iyayen sun roƙe shi ya cike. Komai kuma yanzu sau uku ake ajiye shi: a akwati, a Kaduna, da a littafi mai bangon kwali da ke cikin adakar Dija.

Zuwa bara sun maido da ɗari huɗu da ashirin da shida, in an haɗa da waɗanda suka tsira. Sauran sun yi wuya. An tashi rugage biyu gaba ɗaya bayan wani hari, mutanensu sun watse, wasu Anka, wasu sun tsallaka Kebbi, wasu ba a san inda suka nufa ba. Tsofaffin matan da ake dogara da su ma suna ta raguwa. Uku daga cikinsu sun rasu a shekara guda. Mas'ud ya san ba za a taɓa kai ɗari shida da goma sha biyu ba, kuma ko an kai, ba za a sami yadda tsohuwar ke faɗar kowane da labarinsa ba.

Kwanan baya aka ba shi labarin iyalin Audu mai jakai, waɗanda suka bar tungar shekara uku da suka wuce, an gan su a wani ƙauye kusa da Zuru. Gidan na da 'ya'ya tara, duk Inna Turai ta karɓe su, guda ɗaya kawai ke cikin jerin. An ce kakarsu na da rai, kuma hankalinta na nan. Ya sami lambar wani maƙwabcinsu, ya kira sau uku ba ta shiga ba. Ya gaya wa Nusaiba in an gama girbin gero, ko lambar ta shiga ko ba ta shiga ba, zai je.